Buroshi ɗaya, fuska goma: kira ga masu kwalliya da amaren Gombe

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka. Dan Allah a ɗan bani fili in yi magana da 'yan uwana mata, musamman mu masu sana'ar kwalliya a nan Gombe da kuma amare da ƙawayensu, tunda kowa ya sani daga an ce azumi ya ƙarato ko an shiga Disamba to fa biki ne kan biki, kamu yau, sa lalle gobe, jibi dina, mai kwalliya ko zama bata samu.

Alhamdulillah sana'ar nan ta rufa wa mata da yawa asiri. Daga Pantami zuwa Tumfure, Bolari, Jekadafari, Herwagana, babu unguwar da zaki shiga ki rasa mai yi, yarinya ta koya ta sayi ɗan akwatinta ta fara neman na kanta bata roƙi kowa ba, wlh ina jin daɗin haka har raina. Abinda yake damuna shine yadda ake koyarwar. Ana koya musu zana gira, manna gashin ido, jan hanci ya fito siriri, amma wanke kayan aiki babu mai zama ya koya musu, kamar ba ya cikin sana'ar. Sai kiga ranar kamu ƙawaye sun yi layi a ɗaki ɗaya, ana ta sauri mota na jira a waje, buroshi ɗaya ne ya hau idon ta farko shi zai hau na ta goma, soso ɗaya, maskara ɗaya, har ma akwai masu hura buroshi da baki dan hodar ta kaɗe, ko su ɗan jiƙa shi da yawu dan layin ido ya fito baƙi. Subhanallah, ido fa ake magana.

Bayan kwana biyu sai kiji ana cewa amarya ta tashi da ido jajur yana ruwa yana kwantsa, ko hazbiya ta fito mata, ko ƙuraje sun feso a kumatu da goshi, sai a ce ai bakin mutane ne ya kamata saboda ta yi kyau da yawa, ko a ce hodar ce bata karɓe ta ba. Baki gaskiya ne, a yi addu'a, amma a duba akwatin mai kwalliya ma. Ciwon afolo ta hannu da tawul da duk abinda ya taɓa idon mai shi yake yaɗuwa, to ina ga buroshin da ya shiga har gindin gashin ido? Hazbiya kuma yawanci ƙwayar cutar nan ce da likitoci ke kira Sitafilokokus take kawo ta, wadda dama tana zaune a fata da hancin mutane da yawa ba tare da sun sani ba. Makero ma yana bin buroshi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila sun tattara kayan kwalliya 467 da mata suke amfani da su suka gwada, suka samu kashi 79 zuwa 90 cikin ɗari ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma soson nan mai kama da ƙwai da muke dandana faundeshon da shi shine ya fi kowanne datti, kashi 93 cikin ɗari ba a taɓa wanke su ba, kashi 64 sun taɓa faɗuwa ƙasa aka ɗauka aka ci gaba da aiki. Wannan fa kayan mutum ɗaya ne a ƙasar sanyi, to mu da muke da zafin Maris da Afrilu mai kaiwa digiri 40, ga gumi, ga ƙurar hunturu, ga fuskoki barkatai, sai ki auna da kanki. Wadda kuma take shafe-shafen mai na bilicin ita abin ya fi yi wa illa, dan mayukan nan suna sa fata ta yi siriri ta rasa ƙarfin kare kanta.

Wankin kuwa ba wani aiki bane. Na san ruwa a Gombe wasu unguwannin sai an saya wajen 'yan kura, amma kofi biyu zuwa uku ya isa. Ruwa mai ɗan ɗumi, ba tafasasshe ba, da shamfu na jarirai ko sabulu mara ƙarfi, banda garin sabulun wanki dan yana cinye gashin ya bar shi ƙyamus yana sukar fata. Ki juya kan buroshin ƙasa ki jiƙa gashin kawai, ki murza a tafin hannunki har kumfar ta daina fitowa da kala, ki ɗauraye, ki matse a hankali da tawul mai tsafta ki gyara masa baki yadda yake. Kar ki jiƙa shi a roba ya kwana, kar ki bari ruwa ya shiga wajen ƙarfen nan da ya riƙe gashin, gam ne a ciki, in ya jiƙe shine zakiga gashi yana zubewa a fuskar kwastoma. Saboda haka ma ba a shanya shi a tsaye a kofi, kwantar da shi ake yi a bakin tebur kan ya ɗan leƙo waje iska tana ratsa shi, a inuwa. Na faundeshon da ya daskare da maiƙo ki ɗiga masa man zaitun kaɗan kafin sabulun zai saki. Da hunturu nan da nan yake bushewa sai dai ki yafa masa ɗan mayafi mara kauri saboda ƙura, da damina kuma ki kula da soso, in kika cusa shi a leda da danshi fumfuna zai yi, kuma in kinga ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsa to ya gama aiki, a yar. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce mai amfani da nata ita kaɗai ta wanke duk kwana 7 zuwa 10. Mu masu yi wa jama'a kuwa duk ranar da aka yi aiki ranar ake wanki, kuma tsakanin fuska da fuska a fesa sifirit mai ƙarfin kashi 70 a goge a tishu a bari ya sha iska kafin ya kusanci ido. Ki mallaki saiti biyu ko uku na buroshin ido. Maskara a sayi sandunan nan na yarwa, ɗaya ga mutum ɗaya kuma ba a mayar da ita cikin kwalba, janbaki da konsila, wato man nan mai rufe tabo, a ɗebo da ɗan ƙarfe a zuba a faranti. Wadda ta zo da jan ido kuma ki bata haƙuri cikin mutunci, kuɗinta bai kai idon mutum tara ba.

Wani abin da 'yan uwana basu lura da shi ba, dattin buroshi har kalar aikinki yake ɓatawa. Kin sayi falet mai tsada, wato farantin nan mai jerin kalolin shafa wa ido, kin ɗebo ruwan gwal da buroshin da jiya ya sha baƙi da shuɗi da kore, sai ya fito wani dishi-dishi kamar laka kice ai jabu aka sayar miki. Ai ko a kicin ludayin da ya juya miyar kuka ba a tsoma shi a kunun gyaɗa sai an wanke. Kuma maiƙon fuska da buroshi ke kwasowa shi yake sa saman aishado, wato hodar kalar ido, ya yi ɓawo mai sheƙi ya daina ɗebuwa.

Toh tunda an zo kan kala bari in faɗi abinda ya daɗe yana cina. Yawancin bidiyon da yaranmu ke kallo a TikTok da Instagram da YouTube na fararen fata ne, zakiji ana mai shuɗin ido ta sa kaza mai koren ido ta sa kaza, mu kuwa kusan dukkanmu idonmu baƙi ne ko ruwan ƙasa, kuma wannan idon babu kalar da yake faɗa da ita. Abin dubawa a wajenmu fata ce. Baƙar mace, irin baƙin nan mai kyau mai sheƙi, kalolin da suke da zurfi su ke fito da ita, ruwan tagulla, ruwan gwal mai duhu, ruwan zoɓo, ruwan makuba, shunayya mai duhu, kore irin na ganyen mangwaro, shuɗi mai duhu. In kika ɗora mata ruwan hoda mai haske ko ruwan bula ko azurfa fari tas, idon sai ya yi toka-toka, a hoto kuma in filasha ta haska abin ya fi muni, ita kuma ta koma gida tana ganin kamar fatarta ce matsala alhali zaɓin ne bai yi ba. Wannan yana min ciwo gsky, dan daga irin haka ne yarinya take fara tunanin bilicin. Wankan tarwaɗa ita ta fi kowa sauƙi, ruwan zuma, ruwan goro, tagulla, duk suna zama. Farare irin 'yan uwanmu na wajen Dukku da Nafada da sauran Fulanin mu, su kuma a rage hannu, baƙi da yawa yana sa su zama kamar sun kwana basu yi barci ba, ruwan ƙasa mai haske da ruwan hoda mai ɗan duhu ya wadatar.

Kala uku sun isa ido, ba sai an kwashe falet duka ba. Ɗaya mara ƙyalli da ta ɗan fi fatar mutum duhu a lanƙwasar ido, a murza ta sosai har a rasa inda ta fara, ɗaya mai duhu a ƙarshen ido ta waje, sai mai ƙyalli a tsakiyar fatar ido, ita wannan da yatsa mai tsafta ma ta fi kamawa. Kafin duk wannan a shafa konsila siriri a danne da hoda, shi ke sa kala ta fito a fata mai duhu kuma ta jure gumin rana, amma dan Allah konsilar kar ta zama fara fat. Mai idon da fatar sama ta rufo, ki sa ta buɗe ido ta kalle ki sannan ki ɗora mai duhun sama kaɗan da lanƙwasar, in ba haka ba tana buɗe ido aikin ya ɓace. Iyayenmu su Hajiya uwar amarya a bar musu mara ƙyalli, ƙyalli yana shiga cikin tamoji ya ƙara fito da shi.

Sai maganar anko. Ba dole bane dan leshi shuɗi ne ido ma ya zama shuɗi har gira, ga ɗauri shuɗi ga mayafi shuɗi, fuskar sai ta nutse a cikin kaya. Ki yi ido da ruwan ƙasa da tagulla, ki ja shuɗin siriri a ƙasan ido, shikenan ya ɗauko kayan. In kayan sun cika ado da duwatsu ido ya yi sanyi, in janbaki ya yi ja sosai ido ya ja baya. Wajen saye kuma kar ki yarda da hasken ƙwan shago, ki shafa a bayan hannunki ki fito rana ki gani, kuma kar ki kai na gwaji idonki dan baki san hannu nawa ya taɓa ba.

A duba lambar NAFDAC, a duba ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da ke bayan kaya, in an rubuta 12M ko 24M watannin da zai yi ne bayan an buɗe. Maskara wata 3 ne a canza, in ta bushe ba a ƙara mata ruwa. Ƙyalƙyalin da ake ado da shi a kati ko a zanen makaranta ba na ido bane, yana da kaifi yana iya karce ƙwayar ido, haka wasu kaloli masu ƙarfin haske da jajaye, a Amurka hukumar FDA bata amince a sa su kusa da ido ba, shi yasa zakiga an rubuta gargaɗi da ƙananan haruffa a bayan falet ɗin.

Kwalli ma ina roƙon kakanni su saurare ni da haƙuri, na san gadonmu ne. Kwallin dutse mai sheƙin nan yawanci dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta fitar da rahoton wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya a Boston, da aka samu dalma ta hau a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka samu kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, kuma dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, mun ga abinda ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 duk da can ta hanyar haƙar zinare ne. Idon jinjiri a bar shi haka nan, manya kuma kowa da mucinsa.

Roƙona Malam Edita, a filinku na mata ku gayyato likitan ido ko na fata ya yi wa mutane wannan bayani da Hausa, dan maganarsa zata fi tawa shiga. Masu shirya horon sana'o'i ga mata da matasa, na gwamnati da na ƙungiyoyi, in za a raba akwatin kwalliya a haɗa da shamfu da sifirit da sandunan maskara na yarwa, a ware rana guda ta koyon tsafta kafin a ba da satifiket. Ke kuma amarya ƙanwata, ranar da kika je biyan kafin alƙalami ki ce a nuna miki buroshin da za a yi miki aiki da shi, ki sayi sosonki da maskararki ki riƙe a jaka, ki ce a fara da ke kafin ƙawaye. Mai kwalliyar da ta san aikinta ba zata ji haushi ba, ni kam in aka tambaye ni buɗe akwatin nake a gani.

Na gode da wannan dama, Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Daga wata mai sana'ar kwalliya,
Tudun Wada, Gombe.