Abin Da Ke Hana Matasan Mata Shan Maganin Kariya Daga Ƙanjamau

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in yi tsokaci kan PrEP, ƙwayar da mai lafiya ke sha kullum don kada ya kamu da cutar ƙanjamau. Maganin yana aiki, amma matasan matanmu suna gudunsa, kuma a ganina tsoron bakin mutane ne babban dalili.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na ga wata amarya, wadda mijinta direban babbar mota ne, ta juye ƙwayoyin a kwalbar farasitamol, saboda kwalbar asali ta yi kama da ta masu ɗauke da cutar, ga shi uwar mijinta tana shiga ɗakinta ba sallama. Bayan wata biyu ta daina zuwa karɓar maganin. Ga kuɗin mota, ga kuma wasunmu ma'aikata da ke yi wa budurwa kallon 'yar iska da zarar ta tambaya, abin da ke ƙona mini rai matuƙa.

A watan Yulin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar lenacapavir ta kariya daga ƙanjamau, wadda ake yi sau biyu a shekara. Ina kira ga hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, da ta kai ta asibitocin unguwanni, a sashen tazarar haihuwa, inda mace ke shiga ba tare da an zarge ta ba.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Kano