Gwajin Zuciya Na Nukiliya Ya Yi Mana Nisa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan ciwon toshewar jijiyoyin zuciya. Bara kawuna ya fara jin ƙirjinsa na ɗaurewa duk lokacin da ya yi tafiya zuwa gona. An yi masa awon bugun zuciya bai nuna komai ba, sai likita ya ce a je Abuja a yi hoton nukiliya.

Da jin kalmar nukiliya gida ya rikice, wai bam za a sa masa a jiki! Ashe allura ce ta sinadarin tekneshiyam mai fitar da wani haske da ido ba ya gani, ɗan kaɗan, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi cikin kimanin awa 6. Sinadarin na bin jini har cikin naman zuciya, kyamara ta musamman ta ɗauki hoto sau 2: mutum yana hutawa, da kuma bayan an motsa zuciyar da tafiya kan na'ura ko da magani. Wurin da ya dushe a hoton bayan motsa zuciyar kawai, jini ne ba ya isa. In ya dushe a duka biyun, galibi tabon tsohon ciwo ne. Abin da ya fi damun kawu kuwa, hana shi goro da shayi kafin gwajin.

Kuɗin mota da masauki daga Argungu sun kusa karya mu. Ina roƙon gwamnonin Kebbi, Sakkwato da Zamfara su haɗa kai su kafa cibiya ɗaya a yankin nan.

Wani mai karatu,
Argungu, Jihar Kebbi