Takardar koke kan jan ruwan da ke fitowa daga ramin kwal

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagacinmu da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, mu talakawanka manoma, makiyaya, masunta da matan ƙauyukan da ke gefen ramin haƙar kwal muna neman afuwa da muka sake damun fada da takarda. Da ba don abin ya kai mu maƙura ba, da mun ci gaba da haƙuri kamar yadda aka sha ba mu.

A daren Juma'ar da ta wuce, bayan ruwan saman da aka kwana ana yi, gaɓar tsohon ramin ta ɓalle, jan ruwan da ke kwance a ciki ya biyo rafi ya malale fadama. Gari na wayewa muka tarar da tarwaɗa da karfasa sun taso, ciki a sama. Shinkafar da ta fara ɗaukar ciki ta ƙone tun daga saiwa. Shanu sun sunsuna mashaya sun juya, awakin da suka sha kuwa wasu ba su kai yamma ba. Yaran da suka tsallaka rafin zuwa makaranta sun dawo suna susar ƙafafu. Rijiyoyin bakin fadama yanzu ƙarnin ƙarfe suke yi, mata sun koma ɗebo ruwa a wuri mai nisa, wasu da goyo a baya. Ranka ya daɗe, wannan shinkafa da bashin taki aka noma ta. Masu aikin ramin sun turo tankar ruwa washegari, daga nan ba mu sake ganin ƙeyarsu ba.

Ba yau muka fara kuka ba. An yi zama a ƙofar Dagaci, an yi a sakatariya, an rubuta takardu, an zo da motoci an ɗauki hotuna. Abin da ya fi ci mana rai shi ne masu bincike. Ɗalibai da malamai sun sha zuwa da kwalabe da jakunkuna, mu raka su, mu nuna musu inda ruwan ke tsatsowa, yaranmu su riƙe musu kaya, su ɗebi ruwa da ƙasa su tafi. Muna jin wasu har sun kammala digiri da ruwan rafinmu. Allah ya sanya alheri. Amma har yau babu wanda ya dawo ya ce mana wannan rijiya a sha, waccan a rufe. Shin mu da muke shan ruwan ba mu cancanci jin sakamakon ba?

Ɗan abin da muka sani, wani ɗanmu mai koyar da kimiyya a sakandare ne ya warware mana. A cikin kwal da duwatsun da ake tonowa tare da shi akwai wani ma'adini mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid ɗan uwan ruwan batir, asid ɗin ya narkar da ƙarfe da sauran ma'adinai ya kwaso su zuwa rafi. Jan laka da ke manne a duwatsu tsatsar ƙarfen ce. A ma'aunin tsami, ruwan sha yana kusa da 7, na irin waɗannan ramuka kan sauka ƙasa da 4, kuma gwargwadon raguwar lambar, gwargwadon ƙarfin tsamin. Kuma rufe aiki ba ya tsayar da shi: a Inugu, inda aka fara haƙar kwal tun 1916, tsofaffin ramuka sun ci gaba da zubar da ruwa mai tsami bayan an daina aiki a cikinsu. Wannan ne ke hana mu barci, domin masu haƙa za su tattara su tafi, mu da jikokinmu muna nan.

Ya kuma shaida mana cewa abin yana da magani, kuma jami'o'i sun daɗe suna gwada shi. Ana shimfiɗa dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi, a magudana domin ya kashe tsamin. Ana gina tafkuna a jere inda tsatsar za ta kwanta, a dasa kachalla ta tace ruwan kafin ya isa rafi. Tarin duwatsun kuma a rufe shi da yumɓu don kada iska da ruwa su shiga, a mayar da ƙasar sama mai taki, a dasa jema ta riƙe gaɓa, a bi da gawo. Babu ɗaya a cikin waɗannan da sai an tsallaka teku kafin a samo shi.

Saboda haka muke roƙon Mai Girma Hakimi ya kai kukanmu gaban Mai Martaba, a rubuta da sunan masarauta zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Jos, ko ta Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, a turo masana ƙasa da ruwa su zauna da mu damina da rani, su auna kowace rijiya da mashaya, su karanta mana sakamakon da Hausa a ƙofar fada. Mun amince mu ba da fili kyauta don gwaji, samarinmu za su yi gayyar haƙa magudana da dasa ciyawa. Sharaɗinmu ɗaya ne: duk wanda zai sake ɗibar ruwa a nan ya fara sa hannu a gaban Dagaci cewa zai dawo da sakamako.

Kafin nan, Allah ya ba ka nasara, a gyara gaɓar ramin tun damina ba ta ƙare ba, don wani ruwan na tafe. A haƙa mana rijiyar burtsatse nesa da fadama. A turo ma'aikatan lafiya su duba yaran, da malamin dabbobi. A ƙiyasta shinkafa da dabbobin da aka rasa a biya masu su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa nauyin gyara ƙasar da ya tona, ta kuma wajabta yarjejeniya da al'ummar da ke wurin. Muna roƙon a kawo wannan yarjejeniya a karanta mana, domin yawancinmu ba mu taɓa ganin ta ba. A kuma sanar da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Sannan muna sake roƙo, a auna rijiyoyin nan.

Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010, aka yi ta binne su kafin a gano daga ƙasar da suke wasa a kai ne. Gubarmu daban ce, amma ba ma son sai an fara ƙirga gawa kafin a auna mana ruwa. Dattawa suna ta lallashin samari kada kowa ya tare hanyar motocin kwal, kuma zuwa yanzu sun ji magana saboda darajar fada. Muna roƙon a ba mu ranar da za mu zo mu ji amsa, mu samu abin da za mu faɗa musu.

Allah ya ƙara wa Hakimi girma da adalci, ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
manoma, makiyaya, masunta da matan ƙauyukan gefen ramin kwal.
Sa hannu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda.