Asibiti ya yi mini nisa, ga maganin tarin fuka ban gama ba

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya.

Ni ɗan ci-rani ne, ina aikin fasa dutse nesa da gida. Tsakanin sansaninmu da asibiti mafi kusa akwai kusan kilomita 40, kuma hanyar ba kwalta. Mota ɗaya ce ke fita da asuba, in ta tsere maka sai gobe. Ranar da ka je asibiti ba ka da lada, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Shi ya sa in jikin mutum ya motsa, sai ya sayi ƙwaya wurin mai talla, ya haɗiye, ya koma bakin aiki.

Ni ma haka na yi. Na fi wata biyu ina tari, ina zufar dare har shimfiɗata ta jiƙe, ina cewa ƙura ce. Sai da na ga jini a kakina sannan na tafi. Aka gwada, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ni kan magani na wata 6. Ma'aikaciyar jinya ta ja mini kunne cewa in na yanke a tsakiya, cutar na iya dawowa ta bijire wa maganin, kuma na biyun ya fi wahala.

Yanzu ina wata na uku. Tarin ya lafa, ƙarfina ya dawo. Amma na mako biyu-biyu suke ba ni, kuma zuwan baya na makara, na yi kwana biyar ban sha ba. Maigidan aikinmu ya ce in na sake fashi, akwai masu jiran gurbina. Iyalina kuwa da abin da nake turawa suke ci.

Abin da ya fi hana ni barci, mu takwas muke kwana a ɗaki mai taga ɗaya, kuma ban gaya wa kowa ba don tsoron kora. Yaron da ke kwana kusa da ni, bai fi shekara 19 ba, ya fara tari.

Likita, kwana biyar ɗin nan sun ɓata maganin ne? Ina da damar roƙon a ba ni na wata guda? In kuma na koma gida, za a iya mayar da katina asibitin can in ci gaba daga inda na tsaya? Yaron nan fa, ta yaya zan sa ya je gwaji?

Naka,
wani ɗan ci-rani