A tabbatar da masu saye kafin a yi odar injinan haɗa bango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan shawarar da ake yawan kawowa idan aka taɓo batun ƙarancin gidaje, wato a kafa masana'antun da injina za su riƙa haɗa bango, a kwashe shi zuwa fili, a tayar da gida cikin 'yan kwanaki.

Aikin kansa abin sha'awa ne. A masana'antun Suwidin da Jamus, ana zana gidan a kwamfuta, zanen ya wuce kai tsaye zuwa injin zarto, wanda zai yanka kowane katako daidai awonsa. Daga nan a jera katakon a kan wani dogon teburin ƙarfe, yawanci da tazarar santimita 60 tsakanin na tsaye, teburin ya matse su, sannan wata na'ura mai kama da gada ta bi ta kansu tana harba ƙusa a jikin allon da aka shimfiɗa, tana kuma yanke gurbin taga da ƙofa. Wani teburin mai fiffike biyu ya kifa bangon domin a cusa audugar tare sanyi, a zura bututun waya, a rufe ɗaya fuskar. Sau da yawa bangon kan fita da tagarsa a jiki, a loda shi a tirela, ƙugiya ta sauke shi a kan harsashi. Kamfanin Weinmann na Jamus da Randek na Suwidin sun yi suna wajen ƙera waɗannan injina, kuma mafi yawan gidajen iyali da ake ginawa a Suwidin ta wannan hanya ake yin su. A Japan ma kamfanin Sekisui yana fitar da ɗakuna sukutum daga masana'anta tun farkon shekarun 1970.

Sai dai masu kawo shawarar ba su cika ambaton waɗanda suka durƙushe ba. Kamfanin Katerra na Amurka, wanda aka kafa a 2015, ya tara jarin kusan dala biliyan 2, amma a 2021 ya karye. A Ingila, kamfanin Ilke Homes ya rushe a 2023, kuma a shekarar ce kamfanin Legal & General ya dakatar da aiki a masana'antarsa da ke kusa da Leeds. Ɗan kwangila idan aiki ya tsaya sai ya sallami birkiloli da leburori ya jira, amma masana'anta tana biyan bashin inji da kuɗin wuta da albashi ko an samu oda ko ba a samu ba, saboda haka jinkirin takardar izinin gini na 'yan watanni ya isa ya ci jarinta.

A nan Arewa yawancinmu ɗaki-ɗaki muke gini, gwargwadon abin da ya shigo hannu, har wani kango ya shekara biyar yana jiran kwano. Katako daga Kudu ake kawo shi da tsada, ga gara, ga wutar lantarkin da kowa ya san halinta. Uwa uba, ba mu da awo guda: sai an gama ɗora bulo ake kiran mai walda ya auna ramin taga, kuma da wuya biyu su zo daidai. Inji kuwa ba ya riba sai yana maimaita abu ɗaya sau ɗaruruwa.

Don haka ina kira ga ma'aikatun gidaje na jihohi da manyan masu gina rukunin gidaje su fara amincewa da awon ƙofa da taga da tsayin ɗaki, su haɗa kwangilolin azuzuwa da asibitocin karkara da gidajen ma'aikata wuri guda na tsawon shekaru, yadda mai zuba jari zai san abin da zai sayar. A kuma gwada bangon kankare da ake zubawa a ma'auni, tunda siminti a ƙasar nan ake yin sa, kafin a yi maganar shigo da injinan da aka ƙera domin katakon Turai.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya, Jihar Kaduna