A Duba Cikin Itace Kafin A Yanke Hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku mai albarka domin in yi magana a kan gane irin bishiyar da ta mutu, lamarin da ke yawan jawo gardama tsakanin manoma da masu saran itace a nan Damagaram.

A ƙarshen damina na je gonar wani ɗan'uwana a hanyar Mirya, na iske mutane sun taru a kan wani gungume da ya daɗe da faɗuwa, wasu na cewa bagaruwa ce, wasu kuma na rantsuwa kirya ce. Babu ganye, babu ƙaya, ɓawon ma ya yi baƙi ya tsattsage kamar yadda na kowane tsohon itace ke yi idan rana da iska sun daɗe suna dukansa. Wani dattijon masassaƙi ne ya raba gardamar: ya sa gizago ya tsaga gefe guda, ya nuna mana tsakiya mai duhun ja wadda gara ba ta taɓa ba, ya ƙwanƙwasa ta, ta yi ƙara kamar ƙarfe, sai ya ce kirya ce, kuma maƙera za su so gawayinta.

Daga ranar na yarda cewa ɓawo shi kaɗai shaida ce mai rauni. Gaskiya ne akwai bishiyoyin da ɓawonsu ke tona asirinsu, kamar marke da ke ɓamɓarewa dabbare-dabbare, ko maɗaci wanda ɗacinsa ba ya ɓuya ga harshe. Sauran kuwa sai an sara an duba launi, an ɗaga an ji nauyi, an kuma lura da irin ɓarnar da ƙwari suka yi. Cikin aduwa yana da ɗan rawaya da santsi, shi ya sa ake sassaƙa allo da shi. Kuka kuwa ba ta ma jiran bincike, domin tana rugurgujewa ta zama tarin zare.

Inda na fi damuwa shi ne gawo. Itacensa fari ne mai taushi, ƙwari na saurin mayar da shi gari, to amma matsalarsa ba ta nan ba ce. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya toho da rani, saɓanin sauran bishiyoyi, don haka yaro ko baƙon da ya gan shi tsirara a watan Agusta zai iya ɗauka ya mutu ya ɗora masa gatari. Kankare reshe da farce ya isa: idan ƙarƙashin ɓawon kore ne mai danshi, bishiyar tana da rai. Wannan ce fa bishiyar da dattawa ke cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sara tun ƙarni na 19, wadda kuma manoman Matamai da Magariya suka sake rayawa a gonakinsu har ta cika ido.

Tun da dokar gandun daji ta ƙasarmu Nijar ta shekarar 2004 ta tanadi kariya ga wasu irin bishiyoyi, ina ba da shawara ma'aikatan gandun daji su riƙa gayyatar masassaƙa da maƙera a bikin dashen itace na ranar 3 ga Agusta, su zo da guntayen itace da ɓawonsu, yara su taɓa, su shinshina, su ɗaga su ji nauyinsu.

Naka mai karatu,
daga unguwar Birni, Damagaram