Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu daraja.

Kamar yadda babban taro ya amince bara, zamanmu na wata-wata a bana ya tsaya ne kan yadda masu zane da masu ɗaukar hoto a Amurka suka nuna bauta da yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, wanda ya ɓarke lokacin da bayin ƙasar suka kusa miliyan 4.

Mun fara da hotunan gawarwakin sojoji da Alexander Gardner ya ɗauka a fagen daga na Antietam a 1862. Daga nan muka duba hoton 1863 na bawan da ya tsere zuwa sansanin sojojin jihohin Arewa, masu yaƙi da jihohin Kudu masu riƙe da bayi, a garin Baton Rouge, bayansa duk tabon bulala. Ranar nan wasu iyayenmu mata sun kasa zama har ƙarshe.

Muhawara ta fi zafi kan zanen Winslow Homer na 1876, inda tsohuwar uwargijiya ta ziyarci matan da a da bayinta ne. Ɗaya daga cikinsu tana zaune, ba ta miƙe mata ba. Wasu sun ce rashin ladabi ne. Mu a kwamiti muna ganin wannan zaman shi ne 'yancin da mai zanen yake son a gani, domin shekara goma sha biyar kafin nan da bulala za a tashe ta.

Sai dai mafi yawan masu zanen Turawa ne, suna kallon bawa daga waje. Shi ya sa muka ware zama ga David Drake, bawa maginin tukwane a Edgefield ta jihar South Carolina, wanda yake rubuta sunansa da gajerun baituka a jikin randunan da ya gina, a jihar da doka ta hana koya wa bawa rubutu. Mun kuma taɓo tarihin Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, wanda ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta Massachusetts a 1863.

Baje kolin da muka shirya wa ɗalibai bai yiwu ba, saboda kuɗin buga manyan hotuna ya fi ƙarfin asusunmu. Muna roƙon masu bashin kuɗin wata su biya ma'aji kafin babban taro.

Baɗi, in sha Allahu, za mu ɗauki jerin zane 31 da Jacob Lawrence ya kammala a 1940 kan rayuwar Harriet Tubman, baiwar da ta tsere daga bauta ta kuma taimaki wasu bayi suka tsere. Mai son gabatar da muƙala ya sanar da sakatare.